Kasetocin biki na lalacewa cikin akwati: yadda ake kwashe hotunansu zuwa kwamfuta

A gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai wata dukiya da ba a lissafa ta cikin gado, ba a kuma fitar mata da zakka, ga shi kuwa in ta salwanta babu kasuwar da za a sayo irinta. Dukiyar nan ita ce kasetocin bidiyo na ɗaurin aure, na suna, na saukar karatu, na tarbar alhazai da na naɗin sarauta, waɗanda aka ɗauka tun daga ƙarshen shekarun 1980 har zuwa lokacin da wayar salula ta karɓe aikin kamara. A cikinsu akwai fuskokin iyaye da kakanni da suka riga suka rasu, akwai muryoyinsu, da yanayin tafiyarsu, da gidajen ƙasa da aka rushe aka maye da na siminti. Masu kasetocin sun ɗauka cewa tun da abin yana kulle cikin akwati to yana nan lafiya. Alhali kuwa zaren kaset yana tsufa ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba, injinan da ke karanta shi kuma an daina ƙera su.

Kamfanin Funai na ƙasar Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera akwatin bidiyo na VHS, abin da ake kira manyato, ya rufe wannan aiki a watan Yuli na 2016. A shekarar 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar ma'adanan sauti da hotuna ta duniya, IASA, suka yi shela cewa wajen 2025 samun injin da zai karanta kaset, da kayan gyaransa, zai zama abu mai wuyar gaske. Wa'adin da suka ambata ya zo. Abin da ya rage a hannun jama'a shi ne tsofaffin injina, kowace shekara kuma sai an rasa wasu.

Abin da ke cin zaren kaset

Zaren kaset leda ce siririya da aka shafe da garin ƙarfe mai maganaɗisu, aka liƙe garin da wani irin danko. Hoton da sautin duka suna cikin wannan gari. Masana adana kayan tarihi sukan ƙiyasta ran kaset tsakanin shekara 10 zuwa 30, gwargwadon ingancinsa da wurin da aka ajiye shi. Ke nan kaset ɗin bikin da aka yi a 1994, shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, ya riga ya wuce wannan iyaka.

Yanayin ƙasar nan kuwa ba ya raga masa. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ya fi haka tsanani a ɗakin kwano, kuma yana sa zaren ya miƙe ko ya lanƙwashe a gefe. Laimar damina tana shiga dankon ta sassauta shi, sai zaren ya riƙa mannewa da juna, garin ya riƙa zuba in aka kunna. Ita ce kuma ke kawo fumfuna, wadda ake hango ta fari-fari ta tagar kaset. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, tana karce zare, tana toshe kan injin. Sai kuma ruwa: ambaliyar 2020 a Yamai da ta 2024, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Maraɗi, ta kuma rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, sun nuna cewa akwatin da ke ƙarƙashin gado ba mafaka ba ne.

Saboda haka rigakafi ya fi magani. Maganin kuwa shi ne a juyar da abin da ke cikin kaset ya koma fishiye a kwamfuta, wanda za a iya kwafa sau nawa aka so ba tare da ya rage kyau ba.

A fara sanin irin kaset

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ruga kasuwa sayen waya kafin a san irin kaset ɗin da ke hannu. Kamarorin gida sun kasu gida uku, kowane gida da hanyarsa.

Gida na farko shi ne na kasetocin da suka naɗi hoto a tsohuwar hanya, wato ba da lambobi ba. A cikinsu akwai babban kaset na VHS, wanda kamfanin JVC ya fito da shi a 1976, shi ne wanda manyan kamarorin kafaɗa na masu ɗaukar biki suke ci. Akwai ƙanensa VHS-C, mai zare iri ɗaya cikin ƙaramin gida. Akwai Video8 na kamfanin Sony da ya fito a 1985, da Hi8 da ya biyo shi a 1989.

Gida na biyu shi ne na kasetocin da suka naɗi hoto da lambobi, irin harshen da kwamfuta take ji. Su ne MiniDV na 1995, ɗan ƙarami kamar akwatin ashana, da Digital8 na 1999, wanda gidansa ɗaya ne da na Hi8 amma abin da ke ciki daban.

Gida na uku ba shi da zare ko kaɗan: kamarori masu ƙaramin faifan DVD, masu diski a ciki, da masu katin ajiya, waɗanda suka yawaita bayan shekarar 2000.

Sunan kowane iri yana rubuce a jikin kaset ko a jikin kamara. Kaset ɗin VHS-C ana saka shi cikin wani ƙoƙo mai siffar babban kaset, sai manyato ya karanta shi. Amma babu irin wannan ƙoƙo na Video8, Hi8 ko MiniDV, domin faɗin zarensu da tsarin naɗinsu ba ɗaya ba ne da na VHS. Duk wanda ya ce zai sayar da shi, bai san abin da yake faɗi ba, ko kuwa ya sani sarai.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi Nijar musamman. A zamanin tsohon tsarin talabijin, Nijar ta bi Faransa da tsarin launi na SECAM, Najeriya ta bi tsarin PAL, Amurka da Japan kuma suna kan NTSC. Kayan bidiyo sun shigo ƙasar nan ta kowace kafa: daga Kano ta Maraɗi da Magarya, daga Faransa a hannun ɗalibai da ma'aikata, daga Jidda a kayan alhazai. Kaset ɗin VHS da aka naɗa da SECAM, in aka saka shi a injin PAL zalla, hoto zai fito baƙi da fari. Na NTSC kuwa yakan ƙi fitowa daidai gaba ɗaya. Mutum sai ya zaci kaset ya mutu ya jefar, alhali injin ne bai dace ba. Manyato mai jin tsari da yawa, wanda ake rubuta PAL, SECAM da NTSC a goshinsa, shi ya fi dacewa da aikin nan.

Duba kafin kunnawa

Kafin a saka kaset a inji, a fara hana shi karɓar sabon naɗi, don kada yatsa ya zame ya danna jan maɓalli a shafe abin da ake son ceta. A babban kaset na VHS ana karya ɗan harshen roba da ke gefensa. A MiniDV da kasetocin milimita 8 ana tura wani ɗan makulli ne kawai.

Daga nan a duba zaren ta taga. In akwai fumfuna, kada a kunna, domin za ta toshe kan injin ta kuma shafi kasetocin da za su biyo baya, shaƙar ta ma ba ta da kyau ga ƙirji. In kaset ya sha ruwa, kada a shanya shi a rana, kada a kusantar da shi wuta. A bar shi a inuwa mai iska, a kai wa wanda ya san aikin. In zaren ya tsinke ana iya haɗa shi, amma da irin mannin da aka yi domin haka, a bayan zare. Mannin takarda na kanti yana narkewa ya ɓata zaren da injin baki ɗaya.

Shi ma injin a gwada shi da kaset marar amfani tukuna. Injin da ya yi shekara 15 a ajiye robobin da ke juya shi sun bushe, yana iya tauna zare cikin ƙiftawar ido. Masu gyaran rediyo da talabijin na tsohon zamani, waɗanda har yanzu ake samu a gefen manyan kasuwanni, sun san canza roba da wanke kai. Ba a wanke kan bidiyo da auduga, domin zarenta yana sarƙewa ya karya shi. Batirin tsohuwar kamara kuwa ya riga ya mutu, sai a yi aiki da wayar kuran ɗinta.

MiniDV da Digital8: kwafi ba ragi

Masu waɗannan kasetoci su ne suka fi sa'a, domin hoton ya riga ya zama lambobi, kwamfuta kwafa kawai za ta yi, abin da ke zare shi ne zai sauka ba ragi ba ƙari. Hanyar ita ce wayar da kamfanin Apple ke kira FireWire, Sony ke kira i.LINK, sunanta na hukuma kuma IEEE 1394. A jikin kamara ƙaramar kafa ce da aka rubuta DV a kusa da ita. Yawancin kamarorin nan suna da kafar USB ma, amma wannan ta hotunan kati ce, ko ta wani bidiyo ƙarami marar kyau. Mutane da yawa sun ɓata kwanaki a kanta a banza.

Wahalar ita ce kwamfutocin yau ba su zuwa da kafar FireWire. Mafita uku ce. Ko a nemi tsohuwar kwamfutar hannu mai wannan kafa, irin waɗanda aka yi kafin wajen 2012, a ware ta domin aikin nan kaɗai. Ko a sayi katin FireWire a dasa cikin kwamfutar tebur, wanda shi ne mafi sauƙi ga mai shago ko biro. Ko a bi ta mahaɗan kafar Thunderbolt, sai dai Apple ya cire tallafin FireWire daga tsarin kwamfutocinsa da ya fitar a 2025, don haka sai da tsohon tsari. Wayar nan mai araha da ake tallatawa, kai ɗaya USB kai ɗaya FireWire, ba ta aiki, domin harsunan biyu ba su jin juna, tana ma iya ƙona kamara. Araha ba ta ado.

Wajen haɗawa, a kashe kamara da kwamfuta tukuna, a soka waya a tsanake ta fuskar da ta dace, sannan a kunna. Babbar kafar FireWire tana ɗauke da wuta, in aka soka ta a karkace tana kashe kafar kamara har abada. Sai a juya kamara zuwa wurin kallo, wanda ake rubuta PLAY ko VCR, a mayar da zare farko, a buɗe manhajar kwashewa. WinDV kyauta ce ga masu Windows, iMovie na masu Mac ne. Kaset ɗin DV yana riƙe da rana da sa'ar ɗauka, muddin agogon kamara yana daidai a wancan lokaci, manhajar kuma tana iya raba fishiye bisa wannan.

Aikin yana bin tafiyar zare: kaset mai minti 60 sai an yi minti 60. Sa'a ɗaya tana cin wajen giga 13, ke nan diski mai tera 1 zai ɗauki wajen sa'a 75. Kaset ɗin da aka naɗa da tafiyar LP, wadda ke mayar da minti 60 ya zama 90, ya fi jin kamarar da ta naɗe shi. A wata kamarar hoto yakan farfashe. Don haka wanda tsohuwar kamararsa take nan, kada ya yar da ita.

VHS, Video8 da Hi8: sai da tafinta

Su waɗannan sai an sa musu tafinta a tsakani, wato na'urar da za ta karɓi hoto daga manyato ko kamara ta mayar da shi lambobi. Hoton yana fita ta wayoyi ukun nan da kowa ya sani: ruwan ɗorawa na hoto, fari da ja na sauti. Injinan Faransa suna da babbar kafa mai ramuka 21, Peritel, wadda ake sa mata mahaɗi. In kamarar Hi8 ce mai zagayayyar kafar S-Video, a yi amfani da ita, domin tana raba haske da launi, hoto ya fi fitowa tas.

Tafinta mafi yaɗuwa ita ce ƴar na'urar USB mai wayoyi a wutsiya. Akwai masu kyau, akwai na jabu birjik. Alamar ta jabu ita ce launi ya kwaɗe, hoto ya riƙa tsalle, ko kuma bayan rabin sa'a a ga baki na motsi magana na zuwa daga baya. A gwada da minti 30 a duba kafin a amince. A cikin manhaja, irin su OBS Studio ko VirtualDub waɗanda kyauta ne, a zaɓi tsarin da ya dace da kaset: na PAL da SECAM girmansu 720 sau 576, hoto 25 a daƙiƙa, na NTSC 720 sau 480, hoto kusan 30.

Akwai dabaru biyu da suka fi wannan inganci. Da yawa daga kamarorin Digital8, ko da yake ba duka ba, suna karanta Video8 da Hi8 su fitar da su ta FireWire kai tsaye. Wasu kamarorin MiniDV kuma suna karɓar hoto daga manyato su miƙa wa kwamfuta, su zama su ne tafinta. Ga kaset ɗin da hotonsa ke rawa ko ke lanƙwashewa daga sama, akwai na'urar daidaita lokaci da ake kira TBC, wadda wasu manyan injina da kamarorin Hi8 suke da ita a ciki. Ita ce bambancin aikin ƙwararre da na ɗan koyo.

Kada a sa rai da abin da babu. Hoton VHS ba zai zama kamar na wayar yau ba, duk mai cewa zai mayar da shi haka ƙara masa girma kawai zai yi. Kada kuma a ja shi ya cika faffaɗan allo, domin an ɗauke shi ne a ma'aunin 4 bisa 3. In aka ja, amarya da ango sai su koma gajeru masu faɗi. Wanda bai da kome sai waya, yana iya kunna kaset a tele ya ɗauki allon. Ita ce hanya mafi rauni, amma ta fi babu.

Faifai, diski da kati

Kamarorin gida na uku kwashe su ya fi sauƙi, sai dai suna da nasu tarko. Ƙaramin faifan DVD mai santimita 8 ba ya karantuwa a kwamfuta sai an rufe shi a cikin kamara, umurnin da ake kira finalisation a littafin na'urar. In kamarar ta mutu kafin a yi haka, sai an nemi irinta. Kamarori masu diski ko kati, musamman na tsarin AVCHD da Sony da Panasonic suka fitar a 2006, suna ɓoye bidiyo cikin dosiye a cikin dosiye. Abin yi shi ne a kwafe katin dukansa yadda yake, kada a tsinci fishiye ɗaya-ɗaya, kada kuma a goge kome sai an kalli kwafin an tabbatar.

Wuta da haƙuri

Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana ɓata fishiye, wani lokaci ta bar zare a maƙale cikin inji. Mai aikin nan yana buƙatar ondular, wato batirin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, ko kuwa wutar rana mai batiri. A yi aiki da safe ko da dare, a ɗaki marar ƙura, a bar inji ya huta tsakanin kaset da kaset. Yayin kwashewa kada a sa kwamfuta wani aiki, domin in ta shagala tana zubar da hotuna. A kuma kula da tsarin diski: wanda ke kan FAT32 ba ya karɓar fishiyen da ya wuce giga 4, sai a mayar da shi NTFS ko exFAT tun yana fanko. Wanda ke da kaset 20 na sa'a 3 yana da aikin sa'a 60 a gabansa. Sannu ba ta hana zuwa; a fara da mafi tsufa da mafi daraja.

Uwa da ƴaƴa

Fishiyen farko da ya sauka, mai nauyi, shi ne uwa. Ba a yanka shi, ba a gyara shi, ba a sa masa kiɗa. Daga gare shi ake fitar da ƴaƴa masu sauƙi a tsarin MP4, da manhaja irin HandBrake, sa'a ɗaya ta koma giga 2 ko 3, domin kallo a waya da tele. A wannan mataki ne ake gyara layukan nan masu kama da haƙoran mataji da ke fitowa a gefen abu mai motsi, domin tsohon talabijin yana zana kowane hoto ne rabi-rabi, layi bayan layi.

WhatsApp ba ma'ajiya ba ce. Bidiyon da aka tura ta cikinsa ana matse shi ya rage kyau, in kuma waya ta ɓata an koma gidan jiya. Kile USB ma ba abin dogaro ba ce: tana ɓata, tana mutuwa ba sallama, kasuwa kuma cike take da na jabu masu rubutun giga 128 alhali cikinsu bai kai haka ba, sai su karɓi fishiye su lalata shi a ɓoye. Faifan DVD da aka ƙona a shago shi ma yana kwaɗewa da zafi.

Ƙa'idar masu adana tarihi ita ce kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Ga iyali, ma'anarta diski ɗaya a gida, ɗaya a wurin ɗan'uwa a wani gari, na uku a kwamfuta ko a ma'ajiyar intanet. Gobara ko ambaliya ba ta cin Tasawa da Yamai rana ɗaya. Sau ɗaya a shekara a jona diskin a duba, bayan ƴan shekaru kuma a sauya shi da sabo. Su kasetocin na asali kada a zubar: a mayar da zarensu farko, a sa su cikin gidajensu, a jera su a tsaye kamar littattafai, a ɗaki mafi sanyi, nesa da ƙasa, nesa da lasifika da duk abu mai maganaɗisu.

Suna da amana

Hoton da ba a san ko wane ne a ciki ba, rabinsa ya ɓata. A sa wa kowane fishiye shekara, gari da dalili, misali 1996, Ƙonni, ɗaurin aure. Ya kamata kuma a zaunar da dattawan gida, mata da maza, a kunna musu, a riƙa tsayar da hoto suna faɗin sunaye da dangantaka, wani yana rubutawa ko yana naɗar muryarsu. Wannan aiki ya fi na waya da inji gaggawa, domin dattijon da ya san fuskokin nan shi ma ba zai dawwama ba.

Sai batun amana. Kasetocin biki sun shiga cikin gida, sun ɗauki matan aure a wurin kamu da lalle, cikin sakewa, a zamanin da ba wanda ya san za a yi intanet. Abin da aka ɗauka domin falon gida bai kamata ya faɗa dandalin duniya ba tare da yardar waɗanda ke ciki ba. Mai kai kaset shago ya ƙidaya su, ya rubuta, ya karɓi takarda, ya kai diskinsa, ya kuma sharɗanta a goge kwafin da ke kwamfutar shago a gabansa. A yi ciniki bisa sa'a, a nemi uwar fishiye tare da MP4. Mai shago kuma ya sani cewa dokar yaƙi da laifukan intanet da Nijar ta kafa a 2019 ta tanadi hukunci kan ɓata sunan mutum ta hanyar na'ura, kafin doka ma akwai mutunci.

Ga ƴan kasuwa da ma'aikata

Ɗan kasuwa mai hangen nesa zai ga sana'a a nan. Jarinta manyato mai kyau, kamarar Digital8 ko MiniDV mai lafiya, kwamfutar tebur, ondular da yaro mai natsuwa. Ana tsintar tsofaffin injina a kayan gwanjo da a kasuwanni irin su Sabon Gari ta Kano da Alaba ta Legas, amma kada a biya sai an saka kaset an gani, gani ya kori ji. Tsofaffin masu ɗaukar biki ma abokan hulɗa ne, domin wasunsu na riƙe da kaset na asali, wanda ya fi kwafin da suka ba masu biki kyau nesa ba kusa ba.

Ma'aikacin gwamnati kuma ya leƙa kabad ɗin biro. A gidajen magajin gari, makarantu, asibitoci da ƙungiyoyi akwai kasetocin taruka, na faɗakarwa da na buɗe ayyuka, waɗanda ba su cikin lissafin kowa. A gidaje ma, bayan biki da suna, akwai hawan salla na Sarkin Damagaram, wasan kara, gasar kokawa ta takobi da aka fara a Tawa a 1975, da kiɗan makaɗan da suka shuɗe. Duk wanda ya naɗi wani ɓangare na Babban Taron Ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, yana riƙe da shaidar tarihi. A Yamai akwai ma'adanar takardun ƙasa, akwai cibiyar IRSH ta jami'a da cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka, waɗanda aikinsu ya shafi tattara tarihi da adabin baka. Mai irin wannan kaset yana iya tuntuɓarsu, ya ba da kwafi ya riƙe nasa.

UNESCO ta ware ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara domin tunawa da gadon sauti da hotuna. A Nijar ranar tana faɗowa a ƙarshen damina, laima ta janye, ƙurar hunturu ba ta kankama ba. Lokaci ne mai kyau da magidanci zai sauko da akwati, ya ƙidaya kasetocinsa, ya ware su iri-iri, ya nemi inji tun ana samu.